Sufeto mai tabo: yadda ake rubuta labarin binciken kisa a ƙasarmu

Shekara shida ke nan aka ɗauke mini mashin a ƙofar masallaci a Garwa, arewacin Kamaru, ranar Juma'a. Na je wani ofishin ’yan sanda, na tarar da wani dogon mutum mai jan ido a bayan tebur, littafin shigar da ƙara buɗe a gabansa, gefen shafukan duk ya naɗe saboda zufar hannu. Bai ko ɗago kai ba ya ce in kawo jaka biyar kuɗin mai. Na ba shi raina a ɓace. Bayan kwana huɗu ya kira ni, na iske mashin jingine da bango, an cire madubi ɗaya. Ina cikin sa hannu a takarda sai na ga ya miƙa wa yaron da ya yi satar burodi da wake ta tsakanin ƙarafa, da kuɗin aljihunsa ya saya, yana cewa, "Ci, ɗan banza, uwarka tana waje tun asuba." Mutumin da ya tatse ni shi ne ya dawo mini da kayana, shi ne kuma ya ciyar da ɓarawon.

Irin wannan mutum ne ke hana mai karatu barci. Ɗan sandan da bai taɓa karɓar na goro ba, bai taɓa jin tsoron na sama da shi ba, mai karatu a unguwar Lopere ta Garwa ko Domayo ta Marwa zai yi shafi goma ya ajiye littafin, domin bai taɓa haɗuwa da shi a hanyar Pitowa ba. Mugu marar ɗigon imani kuma tun shafin farko an san ƙarshensa. Na tsakiyar ake bi da fargaba, saboda tambaya biyu ke tafiya tare a labarinsa: wa ya yi kisan, sannan in sufeto ya gano, zai iya buɗe baki? Ta biyun ta fi nauyi, ita ce kuma marubutanmu suka fi sakaci da ita.

Turawa sun daɗe a kan wannan hanya. Mai binciken da marubuci Conan Doyle ya fito da shi a Ingila a 1887, wato Sherlock Holmes, ba ɗan sanda ba ne, kaifin ƙwaƙwalwa ne zalla. A 1931 marubuci Simenon ya kawo kwamishinan ’yan sanda na Faris mai tausayin masu laifi, wanda yakan kau da kai wani lokaci. Daga nan jaruman suka yi ta ƙara tabo. Amma tabonsu nasu ne, kuma abin da nake so in nuna a nan shi ne yadda za ka gina namu.

Mataki na farko: rubuta gaskiyar kafin ka ɓoye ta

Kafin ka rubuta layin farko na littafin, ɗauki takarda ɗaya ka rubuta abin da ya faru a daren kisan, sa'a bayan sa'a, kamar kana tsaye a wurin. Wannan takarda taka ce kai kaɗai.

Ga misalin da za mu yi ta komawa kansa. An tsinci gawar wani dattijo mai gadin sito kusa da gadar Binuwai. A cikin siton akwai jarkokin zuwa-zuwa, fetur ɗin nan da ake shigowa da shi daga Nijeriya a sayar a kwalabe a bakin titi. Mai siton babban Alhaji ne. Ɗansa ne ke zuwa da dare yana kwasar jarkoki yana sayarwa a ɓoye, mai gadi ya kama shi, suka yi kokawa, ya buga masa ƙarfen ɗaure ƙofa a ƙeya. Wani ɗan acaba da ke yi wa yaron dakon jarkoki ya ga komai, ya gudu, ya bar takalminsa ɗaya.

Ka ba mamacin rai. Ka san garinsu, ka san jaka nawa ake biyan sa a wata, ka san cewa ’yarsa ce ke kawo masa tuwo da magariba a kwanon silba mai murfi. Idan mai karatu bai ji ciwon mutuwar dattijon ba, ba zai damu da ko sufeto ya sayar da gaskiyarsa ko bai sayar ba, kuma labarin ya rushe tun daga tushe.

Mataki na biyu: san kakin da ka sa masa

Mai karatu na nan ya san bambancin ɗan sanda da jandarma, don haka kada ka haɗa su. A Kamaru ’yan sanda suna ƙarƙashin hukumar tsaron ƙasa da ke amsa wa fadar shugaban ƙasa, kuma cikin birane suka fi aiki. Jandarmomi sojoji ne, suna ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, su ne ka fi gani a ƙauyuka da manyan hanyoyi. Gawa a unguwar Yelwa ta kwamisariya ce, wato ofishin ’yan sanda, a mafi yawan lokuta, gawa a daji bayan Gashiga kuwa ta birgadin jandarma ce. A Chadi ma akwai ɓangarorin biyu, ga kuma rundunar da ke kula da yankunan makiyaya. Kishi tsakanin masu kaki biyun abinci ne ga marubuci.

Ni na fi son sufeto a kan kwamishina. Kwamishina yana da ofis da mota da lambar wayar gwamna. Sufeto yana tsakiya, na sama suna taka shi, na ƙasa suna jiran abin da zai yago musu, kuma shi ke shiga lungu da ƙafarsa.

Mataki na uku: zaɓi tabon

A nan nake so ka daɗe, domin a nan yawancin rubuce-rubucen da nake karantawa suke faɗuwa. Marubuci ya kalli finafinan waje, ya ga ɗan sanda mashayi wanda matarsa ta bar shi, yana zaune shi kaɗai a ɗaki mai duhu, sai ya ɗauko shi ya dasa a Marwa. Ba ya kamawa. Mutuminmu ba ya zama shi kaɗai. Gidansa cike yake da ƙanne da ’ya'yan ’yan'uwa da baƙi daga ƙauye, wayarsa ba ta hutawa da kiran biki da suna da kuɗin magani. Yawan jama'a ne damuwarsa, kuma daga nan tabonsa zai fito.

Tabo mafi ƙarfi a wurinmu shi ne wanda ya tsiro daga hali mai kyau. A misalinmu, mahaifin sufeto ya rasu yana aji uku na sakandare. Alhajin nan mai sito ne ya biya masa kuɗin makaranta, shi ya kai shi tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere ranar da zai tafi kudu horon ɗan sanda, shi ya tsaya masa waliyyi ranar ɗaurin aure. Duk sallah buhun shinkafa na zuwa gidansa. A madadin haka, shekara goma sufeto bai taɓa ganin jarka ko ɗaya tana shiga siton nan ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wane mai karatu ne zai ce rama alheri laifi ne? Amma ga shi alherin ya zama igiya a wuyan mai binciken kisa.

Gwada tabonka da tambayoyi uku. Shin yana taɓa binciken kai tsaye, ko ado ne kawai? In za ka cire shi labarin ya tafi daidai, cire shi. Shin wani marar laifi ya cutu saboda shi? Dole ne, kuma mai karatu ya gani da idonsa. Shin sufeto ya san abin da yake yi? Lalle ya sani. Mutumin da ke sallar asuba a sahun farko, ya fito ya karɓi ambulan, ya kuma san hukuncin abin da ya karɓa, ya fi wanda zuciyarsa ta mutu ban tausayi da ban tsoro.

Sannan ka ja masa layin da ba ya tsallakewa, ko da za a kore shi. Namu yana karɓar kuɗi a hannun ’yan kasuwa, amma ba ya taɓa sisin bazawara, kuma ba ya bari a daki yaro a gabansa. Ka nuna layin nan tun babi na biyu a wani ƙaramin al'amari, domin duk littafin zai tura shi ne zuwa bakin layin.

Gargaɗi ɗaya, kuma ina nufinsa har zuciya. Kada ka mai da azabtarwa jarumta. Na karanta labarai da ake yabon jami'i don ya rataye wanda ake zargi har ya amsa laifi. Masu karatunmu da yawa suna da ɗan'uwan da ya fito daga tsare yana ɗingishi. In duka ya shigo labarinka, ya shigo da nauyinsa, kuma zai fi kyau amsar da aka tatsa da shi ta zama ƙarya, kamar yadda takan zama.

Mataki na huɗu: mai da doka agogo

Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta Kamaru, wadda aka sa wa hannu a 2005 ta fara aiki a 2007, tana cike da abin da marubuci zai mora. Tsare wanda ake zargi a ofishin ’yan sanda awa 48 ne, ana iya sabuntawa sau ɗaya, ƙari bayan haka kuma sai da rubutaccen izinin mai gabatar da ƙara na gwamnati. Ba a fara binciken gidan mutum tsakanin ƙarfe 6 na yamma da ƙarfe 6 na safe. Amsa laifin da aka samu ta hanyar tilas ba ta tsayawa hujja.

Dubi abin da wannan ya ba ka. An kama ɗan acaba ranar Talata da hantsi saboda takalmin da ya bari. Kwamishina yana son a rufe fayil a tura shi kotu, daga nan sai gidan yari, inda zai iya shafe watanni kafin a saurare shi. Sufeto yana da kwana huɗu. Kowane babi yana cin wani yanki na kwanakin nan, mai karatu yana ƙirgawa tare da kai. Ga kuma daren da ya tabbata ƙarfen kisan yana ɗakin ɗan Alhaji, agogo ya nuna bakwai saura, doka ta ce ya jira safiya. Zai haura katanga ya ɓata hujjar, ko zai jira a wanke ƙarfen? Ko kuwa jiran ne ma yake so a ransa, don ya samu uzuri? Da mutum mai tabo kaɗai ake iya yin wannan tambaya ta uku.

Mataki na biyar: nemo shaidu inda suke a ƙasarmu

Ka manta da ɗakin gwaje-gwaje mai fitilu. Binciken nan da ƙafa da kunne ake yin sa, da sanin wa ke auren ’yar wa.

Abu na farko da zai tare sufetonka shi ne jana'iza. Mu ba ma kwana da gawa, dangi suna son a sallace ta kafin azahar, kuma a zafin Maris da Afrilu na Garwa, lokacin da ma'auni ke haura 40, ba mai ganin laifinsu. Zafin kansa yana gaggauta sandarewar jiki da lalacewarsa, ya rikita lissafin lokacin mutuwa. Saboda haka babban mashaidinka shi ne mai wankan gawa. Shi ya taɓa ƙeyar dattijon ya ji inda ƙashi ya lotsa, shi ya ga fatar wani a ƙarƙashin faratansa. Amma an horar da shi a kan rufa asirin mamaci, ba zai yi magana don an nuna masa kati ba. Sufeto zai je bayan isha, ba kaki, ya zauna a ƙasan tabarma ya kira shi Malam, ya jira.

Sai mai shayin bakin titi wanda ba ya tashi sai biyun dare, da mai sayar da kati da tura kuɗi ta Orange Money ko MTN wanda ya san wa ya ciri kuɗi masu yawa da sassafe, da mai unguwa ko jauro wanda ya san komai amma yana auna kowace kalma da fadar lamido. Layin waya ana yi masa rajista da katin shaida, sai dai sau da yawa katin na wani ne, kuma wannan kaɗai ya isa ya kai bincike ƙofar marar laifi.

Abin da na fi ƙauna a wannan mataki shi ne harshe. Mashaidi yana magana da Fulatanci ko Hausa ko Larabcin Shuwa, takardar bayani kuwa da Faransanci ake buga ta, a ƙarshe ya dangwala yatsa a kan abin da ba zai iya karantawa ba. A misalinmu ’yar mai gadi ta ce, da Fulatanci, ta ga farar motar gidan Alhaji a bakin sito da magariba. Sufeto ne ke fassarawa. Yatsunsa suka tsaya a kan madannai, ya dubi fanka, sannan ya buga cewa ta ga wata mota. Kalmomi kaɗan ya zubar. Ba kuɗi, ba barazana, ba wanda ya gani sai mai karatu, kuma daga wannan layin mai karatu ya zama abokin sirrinsa, yana jin haushinsa yana kuma yi masa addu'a.

Ka ba mai karatu duk alamar da sufeto ya gani, a lokacin da ya gan ta. Ɓoye ta cikin wasu abubuwa halas ne, hana ta kuwa cin amana ne. Alamu uku na gaskiya da biyu na ɓatarwa sun ishi littafin farko.

Mataki na shida: zaman da littafin ke tafiya gare shi

Akwai zama guda da mai karatu ke jira tun farko, ranar da sufeto zai shiga zauren mai alherinsa da gaskiya a aljihu. Kada ka sa su ihu. Mutanenmu ba sa faɗin abu mai nauyi kai tsaye, kuma yaron da aka rena ba ya kallon idon wanda ya rene shi. Ga yadda nake jin sa:

Ya cire takalmi a ƙofa, ya durƙusa. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka kawo ruwa.

"Baba Alhaji, maganar dattijon nan ce."

"Allah ya jiƙansa. Na aika wa iyalinsa buhu biyu. Na ji kun kama yaron."

"An kama wani yaro, Baba."

Alhaji ya daɗe yana jan carbi. "Ɗana, ranar da na kai ka tasha kana riƙe da jakar leda, ka tuna abin da na ce maka?"

"Ka ce in riƙe amana."

"To, ka riƙe."

Kowannensu amanar da yake nufi daban, kuma dukansu sun san haka. In ka iya rubuta zama irin wannan, sauran aikin sassaƙa ne.

Mataki na bakwai: kowa ya biya

Ƙarshe iri biyu ne nake roƙon ka guje musu. Na farko, sufeto ya tuba dare ɗaya, ya kama mai laifi, a ƙara masa girma. Na biyu, komai ya tafi a banza, mai kuɗi ya ci, talaka ya ruɓe a kurkuku, marubuci ya ce ai haka duniya take. Na farkon yaudara ne, na biyun kuma ragwanci, domin mai karatu ya san wannan tun kafin ya sayi littafinka.

Nemi na tsakiya, inda gaskiya ta fito amma da tsada. A namu, a daren ƙarshe sufeto ya sake kiran ’yar mai gadi, ya sake buga bayaninta, wannan karon da farar motar a ciki, ya kai fayil ɗin da hannunsa ofishin mai gabatar da ƙara ba tare da ya bi ta kan kwamishina ba. An saki ɗan acaba, amma da hannu ɗaya da ba ya miƙewa, saboda kwana biyun da sufeto ya yi yana jinkiri wasu sun shiga ɗakin tsarewa da dare. Ɗan Alhaji ya tsallaka gadar Ngeli ya shige Njamena kafin takardar kamu ta fito. An yi wa sufeto canjin wurin aiki zuwa wani ƙaramin gari a bakin iyaka. Mahaifiyarsa ta daina amsa gaisuwarsa, domin a wurinta ɗanta butulu ne, kuma ka rubuta ta yadda mai karatu zai fahimce ta.

Mataki na takwas: gyara da fitarwa

Idan ka gama, ɗauko takardar nan ta mataki na farko ka bi littafin da ita babi-babi, ka tabbata lokuta da nisan wurare sun daidaita. Wanda ya san Garwa zai kama ka in ka kai mutum Marwa cikin awa ɗaya. Ka samu tsohon ɗan sanda ko jandarman da ya yi ritaya, ko magatakardan kotu, ka karanta masa babukan ofis da baki. Inda ya girgiza kai, gyara.

Sunan gari da unguwa da kogi ka bar su na gaskiya, su ne ƙanshin labarin. Sunan mutum, da lambar ofishin ’yan sanda, da sunan kamfani kuwa ka ƙirƙira, ka kuma sauya kamanni yadda ba wanda zai nuna wani attajiri a kasuwa ya ce shi ne. Ɓata suna laifi ne a dokar hukunta laifuka ta Kamaru, ana ɗaure mutum a kansa, ban da hakkin da za ka ɗauka.

In a WhatsApp ko Facebook ko Wattpad za ka riƙa saki kashi-kashi, kamar yadda marubuta mata da yawa suke yi, kada ka saki kashi na farko sai ka rubuta na ƙarshe. Labarin soyayya yana jure a ƙara masa babi saboda masu karatu sun roƙa, labarin bincike kuwa alamar da ka manta ka dasa a kashi na uku ba ta dasuwa a na ashirin. Ka yanke kowane kashi a daidai inda sufeto zai zaɓi abu, ambulan a kan tebur, hannunsa bai kai gare ta ba tukuna. Masu karatu za su rabu biyu a ƙasan rubutun, wasu su tsine masa wasu su kare shi, za su kuma matsa maka ka faɗi ɓangaren da kake. Kada ka amsa musu, ka saki kashi na gaba ranar da ka yi alkawari.